Kifi Ya Haɗiye Littafi: Tsokaci a Kan Koyar da Littafin Yunusa a Darasin Ilimin Addinin Kirista

1.0 Gabatarwa

A cikin littattafan annabawa na Tsohon Alkawari babu wanda yaranmu suka sani kamar Littafin Yunusa, kuma da wuya a sami wanda ake yi wa karatun rabi da rabi kamarsa. Littafi ne ɗan ƙarami, sura 4 da aya 48, wanda malami zai iya karanta wa ajinsa a bayyane cikin minti goma. Amma in aka tambayi ɗalibin sakandare abin da littafin ya ƙunsa, amsar da aka saba ji ita ce: an aiki wani annabi ya ƙi zuwa, kifi ya haɗiye shi, ya tuba, kifin ya amayar da shi. In aka ce to mene ne darasin, sai ya ce kada mutum ya ƙi yi wa Allah biyayya. Daga nan magana ta ƙare. Alhali kuwa ayoyi 3 kacal ne suka ambaci kifin nan, kuma a lokacin da ya amayar da annabin, littafin bai wuce rabi ba.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan yadda ake koyar da nassoshin Ibrananci a darasin Ilimin Addinin Kirista, musamman a azuzuwan da malami ke riƙe da littafin Turanci a hannu yana bayani da Hausa a baki. Irin waɗannan azuzuwa suna da yawa, daga kudancin Kaduna zuwa Filato da Bauci da Gwambe da Adamawa da Taraba, inda Hausa ta daɗe da zama harshen ikilisiya, kuma aka sami cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa tun 1932. Mun ɗauki Yunusa a matsayin ma'aunin gwaji saboda gajartarsa, kuma saboda yana cikin batutuwan da manhajar jarrabawar shiga jami'a ta tanada. Matsayinmu shi ne, hanzarin da ake yi wajen tatso "darasin ɗabi'a" kafin a saurari nassi yana sa ɗalibi ya fita da saƙon da ya fi na littafin ƙanƙanta, wani lokaci ma ya saɓa masa.

A 2017 an yi ce-ce-ku-ce a ƙasar nan a kan haɗe darussan addini da wasu darussa ƙarƙashin suna guda, har aka mayar da kowanne gurbinsa. Ƙurar da ta tashi a lokacin ta fi yawa a kan sunan darasi da matsayinsa a jadawali. Abin da ke faruwa cikin minti arba'in ɗin da aka ware masa bai sami irin wannan kulawa ba.

2.0 Abin da Nassin Ibrananci Ke Yi da Kalmomi

Marubutan Ibrananci na dā ba su cika tsayawa su bayyana wa mai karatu halin mutum ba. Sukan maimaita kalma ɗaya a muhimman wurare, su bar kunne ya ɗauko ma'ana. Wannan dabara ita ce ƙashin bayan Littafin Yunusa, kuma ita ce ta fi saurin salwanta a fassara.

Mu ɗauki aikatau ɗin yarad, wato sauka ko gangarawa. An umarci Yunusa ya tashi ya nufi Nineba, can gabas. Sai ya gangara Yafa a bakin teku, ya gangara cikin jirgin da ke zuwa Tarshish, can yamma, ya gangara can cikin ƙuryar jirgin ya kwanta, daga bisani kuma a addu'arsa ta sura ta biyu ya kwatanta kansa da wanda ya gangara har gindin duwatsu a ƙarƙashin teku. Kalma ɗaya ce sau huɗu, kowace ta fi ta baya zurfi. Marubucin bai ce guje wa Allah hanyar kabari ce ba, ya dai shimfiɗa matakala ya bar mu mu bi. To, Bahaushe ba ya gangarawa cikin jirgi. Shiga yake yi, ko ma ya hau. Ke nan malamin da ya ce wa aji Yunusa "ya hau jirgi" ya yi Hausa mai kyau, amma ya juya alƙiblar labarin sama, alhali nassi ƙasa yake ja. Ba mu ce a lanƙwasa Hausa don ta yi kama da Ibrananci ba. Abin da ake bukata shi ne malami ya san abin da ya zube a hanya, ya tsinto shi da bayani.

Haka nan kalmar gadol, wato babba, ta zo sau 14 a wannan ɗan littafi: babban birni, babbar iska, babban hadari, babban tsoro, babban kifi, babban ɓacin rai, babban farin ciki. Komai na labarin ƙato ne, in ban da zuciyar annabin. Mai karatun da ya ji wannan maimaici zai gane cewa akwai zambo da raha a cikin salon, abin da yawancin littattafan makaranta ke jin nauyin faɗa, kamar dai nassi mai tsarki ba ya murmushi. Amma ta yaya za a karanta cewa sarki ya sa har shanu da tumaki su yi azumi su yafa tsummoki, ko cewa arnan jirgi suna addu'a annabi yana sharar barci, a ce marubucin bai san abin da yake yi ba?

Kalmar da ta fi waɗannan nauyi ta fuskar tauhidi ita ce ra'a. Da ita aka kira muguntar mutanen Nineba, da ita aka kira masifar da ta afka wa jirgi, da ita aka kira hukuncin da Allah ya yi niyyar aukarwa, da ita aka kira ɓacin ran Yunusa, da ita kuma aka kira wahalar zafin rana da Allah ya so ya raba shi da ita. A Hausa dole mu rarraba: mugunta, masifa, bala'i, fushi, wahala. Da zarar mun rarraba kuwa, zaren ya tsinke. A Ibrananci mai sauraro yana bin abu ɗaya yana ganin yadda yake sauya masauki. Ya fara a Nineba, Nineba ta rabu da shi, Allah ya janye nasa, sai ga shi ya tare a ƙirjin annabi. Tambayar da littafin ya ɗauko ita ce ko za a iya raba Yunusa da nasa kamar yadda aka raba birnin da nasa.

Wa'azin Yunusa a Nineba kalmomi biyar ne kawai a Ibrananci, babu sunan Allah a ciki, babu kiran tuba, sai wa'adin kwana 40. (Tsohuwar fassarar Helenanci, wato Septuwajinta, kwana 3 ta ce, kuma yana da kyau malami ya san da haka.) Kalmar ƙarshe ta wa'azin ta fito daga tushen hafak, wanda aka yi amfani da shi wajen kifar da Saduma a Littafin Farawa. Amma tushen yana kuma nufin juyawa, abu ya sāke kamanni gaba ɗaya. Mashahurin mai sharhin nan Bayahude na ƙasar Faransa, Rashi, wanda ya rasu a 1105, ya nuna cewa kalmar tana ɗauke da fuska biyu: in ba su tuba ba a kife su, in sun tuba su juya. A nan Hausa ta yi mana rana, domin "juyewa" tana iya ɗaukar duka biyun. Tukunya takan juye, mutum ma yakan juye ya zama wani. Malamin da ya rubuta wannan kalma a allo ya tambayi aji ko annabcin Yunusa ya cika ko bai cika ba, ya buɗe muhawarar da za ta fi jawabinsa amfani.

2.1 Shin Allah Yana Tuba?

Ga inda kuskuren harshe ke zama kuskuren aƙida. A ƙarshen sura ta uku an ce mutanen Nineba sun juyo daga muguwar hanyarsu, da aikatau ɗin shub. Game da Allah kuwa wata kalma daban aka kawo, niham, wadda ke ɗauke da ma'anar jin tausayi da sassautowa da fasa abin da aka yi niyya. Tsohuwar fassarar Turanci ta Sarki James, ta 1611, wadda har yanzu take hannun malamai da yawa, ta fassara wannan da kalmar da a Turancin yau take nufin tuba. Malamin da ke fassarawa nan take a gaban allo, in bai yi hattara ba, zai ce Allah ya tuba. A kunnen mai jin Hausa, Kirista ne ko Musulmi, tuba ta mai zunubi ce, don haka jimlar ta zama saɓo tsantsa.

Gyaran kalmar yana da sauƙi: Allah ya fasa, ko ya janye hukunci. Amma kada sauƙin gyaran ya rufe matsalar, domin matsala ce ta gaske wadda nassoshin kansu suka yi ta juyawa. Littafin Ƙidaya 23:19 ya kore wa Allah sauya ra'ayi irin na ɗan Adam. A 1 Sama'ila sura ta 15 an kawo wannan kalma ta niham a kan naɗa Saul sarki, aka kuma kore ta daga Allah, duk a sura ɗaya. Irmiya 18:7-8 ya bayyana cewa barazanar hukunci a kan al'umma tana da sharaɗi, in al'ummar ta juyo sai a janye. A ɗaya gefen kuma Maimaitawar Shari'a 18:22 ta sanya rashin cikar magana a matsayin alamar annabin da ba Allah ya aiko shi ba. Ɗalibin babbar sakandare yana da hankalin da zai ɗora waɗannan wurare huɗu kusa da juna ya ga tsaka mai wuyar da Yunusa ya shiga. Hana shi ganin haka raina masa hankali ne.

2.2 Rigimar Tsiro

Akwai wani tsohon labari da ya kamata kowane mai tsara manhajar fassara ya sani. Tsiron da ya yi wa Yunusa inuwa ana kiransa ƙiƙayon, kuma ba a sami kalmar a wani littafi na Tsohon Alkawari ba sai nan. Tsofaffin fassarorin Helenanci da Latin sun mai da shi duma. Da Jerom ya yi sabuwar fassararsa ta Latin kai tsaye daga Ibrananci, sai ya sa sunan wani tsiro mai yaɗo a bango. A wata wasiƙa da Agustin ya rubuta masa wajen shekarar 403, ya ba shi labarin wani bishop a garin Oya, wato Tarabulus ta ƙasar Libiya a yau, da ya karanta sabuwar fassarar a majami'a. Jama'a suka ji kalmar da ba su saba da ita ba, wuri ya kaure, har bishop ɗin ya koma ga tsohuwar kalma don kada ya rasa mabiyansa. Yawancin manazarta na zamani suna ganin tsiron zurma ne, wanda wasu ke kira cika-gida, mai faɗin ganye da saurin girma.

Mun kawo wannan ne don abu biyu. Mutane suna ƙaunar lafazin da suka taso da shi, kuma duk wanda ya zauna da dattawan da suka haddace fassarar 1932 lokacin da sabuwar fassara ta iso hannunsu ya san haka. Sannan labarin yana nuna wa ɗalibi cewa fassara aikin mutane ne masu zaɓi, ba tare da hakan ya girgiza imanin kowa ba. Agustin da Jerom duk iyayen ikilisiya ne, sun kuma yi saɓani a kan ganye.

3.0 Surar da Ake Tsallakewa

Karatun da ya tsaya a kan biyayya yana da wata babbar matsala: Yunusa ya yi biyayya a sura ta uku, amma labari bai ƙare ba. Da rashin biyayya ne jigon, da marubucin ya ajiye alƙalami a nan. Haka kuma tubar da ake cewa ya yi a cikin kifi, in aka duba addu'ar da kyau, zabura ce ta godiya saboda ceto daga nutsewa. Babu inda ya ambaci gudunsa, babu inda ya ce ya yi laifi.

Sai a sura ta huɗu ne annabin ya faɗi dalilin gudunsa, kuma ba tsoro ba ne kamar yadda ake yawan gaya wa yara. Ya gudu ne don ya san Allah mai alheri ne, mai jinƙai, mai jinkirin fushi, kuma ya san zai yafe. Waɗannan siffofi daga Fitowa 34:6-7 suka fito, inda aka bayyana wa Musa halin Allah, kuma Isra'ila ta riƙa maimaita su a matsayin yabo. Yunusa ya ɗauko yabon ya mai da shi ƙara. Akwai kuma wani ɗan abu da masu sharhi suka lura da shi: a jerin da ke Fitowa akwai kalmar emet, wato gaskiya ko aminci, amma a bakin Yunusa babu ita. Sunan mahaifinsa kuwa, Amittai, daga wannan tushe yake. Kamar dai ɗan Gaskiya ne yake cewa a cikin wannan jinƙai bai ga gaskiya ba.

A nan ne muke ganin littattafan makaranta sun fi yi wa Yunusa rashin adalci, domin sukan nuna shi a matsayin mai baƙin ciki kawai. Wace ce Nineba? Birni ne na Assuriya a gaɓar kogin Dijla, daura da Musil ta ƙasar Iraƙi a yau. Assuriyawa ne suka ci Samariya a 722 kafin haihuwar Almasihu, suka kwashe mutanen masarautar arewa, wato ƙasar Yunusa kansa, wanda 2 Sarakuna 14:25 ta ambata a zamanin Yerobowam na biyu. Zane-zanen dutse da aka haƙo daga fadar Sennakerib a Nineba, waɗanda ke gidan tarihi na Birtaniya a Landan, suna nuna kamun garin Lakish na Yahudiya a 701, da fursunoni a tsire a kan sanduna, da waɗansu ana feɗe su. Su kansu Assuriyawa ne suka sassaƙa wannan don alfahari. Masu karatun littafin na farko sun san da wannan tarihi. A wurinsu yafe wa Nineba yana nufin barin wuƙar da za ta yanka su da rai.

Ɗalibanmu da yawa sun fito daga garuruwan da aka zubar da jini, wasu sun kwana a sansanin gudun hijira. Kowannensu yana da Ninebarsa, ko bai faɗa ba. Idan malami ya ce musu Yunusa mugu ne don ya so a hukunta maƙiyi, za su rubuta a takarda su ci maki, amma a zuci suna tare da Yunusa. Littafin kansa bai yi wa annabin wannan gaggawar hukunci ba. Allah bai tsawata masa ba, tambayarsa ya yi har sau biyu ko fushinsa daidai ne. Sannan ya tanadi tsiro, ya tanadi tsutsa, ya tanadi iskar gabas mai ƙuna, duk da aikatau ɗin nan guda da aka yi amfani da shi wajen tanadar kifi. Daga ƙarshe ya kafa hujja: in annabin ya ji zafin tsiron da bai shuka ba, wanda ya fito a dare ɗaya ya mutu a dare ɗaya, yaya Mahalicci ba zai ji tausayin mutum fiye da 120,000 da ba su san dama da hagu ba, ga kuma dabbobi masu yawa? Abin lura shi ne hujjar ba ta ko ambaci tubar Nineba ba. A kan halitta aka gina ta. Kuma a kan wannan tambaya littafin ya rufe, ba mu ji amsar Yunusa ba.

Littattafai biyu ne kawai a Littafi Mai Tsarki suka ƙare da tambaya, kuma duka biyun a kan Nineba suke. Na biyun shi ne Nahum, wanda littafi ɗaya kawai ya raba shi da Yunusa a jerin ƙananan annabawa goma sha biyu. Nahum ya yi shelar faɗuwar birnin, abin da ya auku a 612 kafin haihuwar Almasihu a hannun Babilawa da Mediyawa, kuma shi ma ya ɗauko siffofin nan na Fitowa, sai dai ya jaddada ɓangaren da ke cewa Allah ba ya ƙyale mai laifi. Waɗanda suka tattara littattafan nan sun bar muryoyin biyu a naɗi ɗaya, ba su share ko ɗaya ba. Manhajar da ta koyar da Yunusa ba tare da ko leƙa Nahum ba ta ba ɗalibi rabin zance, kuma yaron da aka kashe wa uba zai ji a jikinsa cewa rabi ne.

4.0 Karatun Ikilisiya da na Maƙwabta

Darasin da muke magana a kai na addinin Kirista ne, saboda haka ba mu da ja a kan karanta Yunusa da hasken Sabon Alkawari. Yesu da kansa ya yi maganar alamar Yunusa. A Matiyu 12:39-41 an danganta kwana uku a cikin kifi da kwana uku a kabari, kuma Kiristocin farko sun riƙe wannan ƙwarai, har siffar Yunusa ta zama ɗaya daga cikin waɗanda aka fi zanawa a maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na birnin Rum tun ƙarni na 3. Amma a Luka 11:29-32 ba a ambaci kwana ukun ba sam, nauyin maganar yana kan wa'azi da tubar mutanen Nineba. Ashe tun a cikin Linjila akwai fahimta fiye da ɗaya. Abin da muke suka shi ne a fara da wannan mataki kafin ɗalibi ya san labarin da ake yi wa ishara, domin wanda bai san Nineba ba ba zai ji zafin maganar cewa mutanenta za su tashi su kā da wani zamani a ranar shari'a ba.

Akwai kuma karatun da ke mai da littafin takardar aikin mishan. Yana da tushe, amma a yi shi da awo. Ba a ce mutanen Nineba sun karɓi shari'ar Musa ko sun shiga jama'ar Isra'ila ba. An ce sun gaskata Allah, da sunan nan na gama-gari, Elohim, suka bar zalunci. Ma'aikatan jirgi ne aka ce sun ji tsoron Yahweh har suka miƙa hadaya. Wannan bambanci yana da ma'ana ga ɗalibin da ke zaune da maƙwabci mai wani addini.

Abin da ya kamata a kauce masa gaba ɗaya shi ne tsohuwar ɗabi'ar nan ta mai da Yunusa hoton "Bayahude mai ƙunci" wanda Kirista mai faɗin zuciya ya zo ya gyara. Yahudawa ne suka rubuta littafin da harshensu, su suka adana shi, kuma har yau suna karanta shi dukansa a majami'unsu da yammacin Ranar Kafara, rana mafi tsarki a shekararsu. Al'ummar da ta ajiye irin wannan madubi a gabanta ba ta cancanci a yi mata gori da shi ba.

Malami a ƙasar Hausa yana da wata dama da takwaransa na Turai ba shi da ita. Sunan Annabi Yunusa sananne ne a kowane gida. Sura ta 10 ta Alƙur'ani sunansa take ɗauke da shi, kuma aya ta 98 a cikinta ta keɓe mutanensa a matsayin alƙaryar da imaninta ya amfane ta. A Suratus Saffat an ambaci jirgi da ƙuri'a da kifi da tsiron yaƙɗin, wanda malaman tafsiri ke ɗauka dangin duma ne. Riwayoyin biyu ba ɗaya ba ne, kuma ba aikin malamin wannan darasi ba ne ya gauraya su ko ya yi musu alƙalanci. Ya isa ya san cewa kalmomin da yake furtawa, irin su annabi da tuba da jinƙai da kafara, suna shigowa aji da kayan da suka ɗauko daga dogon zama da Larabci, ya kuma riƙa faɗin abin da yake nufi da kowace.

5.0 Tarihi ne ko Misali?

Wannan muhawara ta cinye lokacin aji fiye da kima. Ikilisiyoyi da yawa suna ɗaukar labarin a matsayin abin da ya auku kamar yadda aka rubuta. Manazarta da yawa kuma suna ganin an rubuta shi bayan zaman bauta a Babila, suna kafa hujja da kalmomin da suka yi kama da Aramiyanci, da kuma cewa Nineba ba ta zama babban birnin daula ba sai zamanin Sennakerib, bayan Yerobowam na biyu da shekaru da dama. Makarantar gwamnati ba za ta yanke wa ikilisiyoyi hukunci ba. Ta faɗi ra'ayoyin biyu da hujjojinsu cikin adalci, ta wuce, domin tambayar sura ta huɗu tana nan daram ko wanne aka ɗauka.

Abu ɗaya ne muke roƙo a cire daga bakin malamai, wato labarin James Bartley, baturen jirgin da aka ce wata babbar dabbar teku ta haɗiye shi a 1891 aka kuma ciro shi da rai. Masanin tarihin kimiyya Edward Davis ya bi diddigin labarin ya buga sakamakonsa a 1991: jirgin da ake ambata ba na farautar irin wannan dabba ba ne, babu wannan suna a jerin ma'aikatansa, matar kyaftin ɗin ma ta ƙaryata zancen. Ɗalibin da aka tokare wa imani da irin wannan sanda, ranar da ya buɗe intanet ya ga ta karye, ba sandar kaɗai zai jefar ba. Nassin Ibrananci dai babban kifi kawai ya ce, bai faɗi irinsa ba.

6.0 Abin da Ya Shafi Manhaja da Jarrabawa

Ba mu ce malamin sakandare ya zama masanin Ibrananci ba. Amma kwalejojin ilimi da makarantun tauhidi za su iya ba shi ɗan jagora da Hausa, mai ɗauke da kalmomi kaɗan na kowane littafi, da wuraren da suka zo, da Hausar da ta fi kusa da su, da gargaɗin inda Turanci ke iya yaudara. Na Yunusa ba zai wuce shafi biyu ba. Aikin kuwa na masana harshe ne da masana tauhidi tare, domin kowane ɓangare shi kaɗai zai yi tuntuɓe: mai harshe zai iya zaɓar kalma mai daɗi da ta saɓa wa aƙida, mai tauhidi kuma ya zaɓi wadda ba Bahaushen da ke faɗinta. Sannan a sa cikin tsarin darasi cewa a karanta littafin dukansa a zama ɗaya, da harshen da yara suka fi ji, kafin a taɓa littafin bayani.

Sai dai mun san malami yana koyar da abin da za a tambaya ne. Muddin tambayar jarrabawa ita ce a ba da labarin gudun Yunusa a kuma kawo darussa uku, to darussa uku za a haddace, kuma mai duba takarda zai nemi kalmar biyayya ya ba da maki. Ana iya tambaya ta wata hanya ba tare da an wahalar da mai dubawa ba. A ce wa ɗalibi ya faɗi dalilin da Yunusa ya bayar na gudunsa, ya nuna inda ya samo siffofin Allah da ya ambata, ya kwatanta da yadda Nahum ya yi amfani da su. Duk waɗannan suna da amsa a nassi, ana iya tsara musu maki. Kashi na ƙarshe kuma a ce ya rubuta amsar da yake ganin Yunusa zai bayar ga tambayar da aka rufe littafin da ita, a ba shi maki bisa yadda ya kafa hujja da surorin huɗu, ko da ya sa annabin ya tashi daga gabashin birnin yana nan da fushinsa.